Motar da take tashi ta bar ka a mafarki

(Taken shiri)

  

Yau zancen mafarki za mu yi, wani iri guda da na tabbata da yawanku kun san shi. Ga ka ka yi sammako ka nufi tasha. Kana jin ɗan kamasho yana ta kiran saura mutum ɗaya, kana hango motar, amma ƙafa ta ƙi ɗaguwa. Ko kuma ka isa filin jirgi, an kira sunanka, ka laluba aljihu babu fasfo. Wata kuwa kaya take ta cusawa a jaka, jakar ta ƙi rufuwa, ga direba yana ta danna hon a ƙofar gida. Wani har ya samu shiga motar, an yi nisa, sai ya lura hanyar ba ta garinsu ba ce, kuma duk fasinjojin babu wanda ya sani. Sai mutum ya farka zuciya na dukan uku-uku, ya shafa ya ji ashe yana kan shimfiɗarsa, ko kiran assalatu ba a yi ba.

Maniyyata sun san wannan mafarki, musamman idan an fara jigila ana ta kiran sahu-sahu a rediyo. Ɗan ci-rani da zai gangara Kurmi ya san shi. Haka yarinyar da za a kai gidan miji wani gari, da saurayin da yake jiran takardar bautar ƙasa. Abin mamakin, yakan zo wa wanda ko Zariya ba shi da niyyar zuwa. Za mu dawo kan wannan mutumin, domin shi ne ya fi ba ni sha'awa.

Bari mu fara da abin da ke faruwa a jikin mai barci. A shekarar 1953, a Jami'ar Shikago ta Amurka, wani ɗalibi mai suna Eugene Aserinsky da malaminsa Nathaniel Kleitman sun lura cewa akwai lokutan da idon mai barci yake ta wulƙawa da sauri a ƙarƙashin fatar ido. Idan aka tashe shi a daidai lokacin, galibi zai ce mafarki yake yi. Daga baya aka fahimci cewa barci zagaye-zagaye ne, kowane zagaye kimanin minti 90, kuma rabon wannan barci mai wulƙawar ido yana ƙara tsawo yayin da gari ke dosar wayewa. Shi ya sa mafarkin goshin asuba ya fi tsawo, ya fi zama a rai.

A cikin wannan barci abubuwa biyu ke faruwa tare. Ɓangaren ƙwaƙwalwa da ke kula da tsoro da firgita yana aiki sosai, shi kuwa ɓangaren da ke bayan goshi, mai lissafi da tsara abu ɗaya bayan ɗaya, ya yi laƙwas. Ka ga kenan akwai fargaba amma babu mai tsara mafita. Dalilin kenan da ya sa abin da yaro ƙarami zai iya yi ido biyu, kamar ƙirga kuɗin mota ko zuge jaka, yake gagarar dattijo a mafarki. Sannan kuma jiki yakan saki, gaɓɓai su daina amsa umarni, don kada mai barci ya tashi ya aikata abin da yake gani. Wasu masana na ganin wannan sakin jikin ne yake shiga cikin mafarkin ya zama ƙafar da ta ƙi gudu. Idan kuwa mutum ya farka kafin jikin ya dawo hannunsa, shi ne abin da muke kira dannau.

To me ya sa ƙwaƙwalwa ba ta zaɓar mafarkin an isa lafiya an sauka ana ta oyoyo? Wani masani ɗan ƙasar Finlan, Antti Revonsuo, ya kawo wata fahimta a shekarar 2000. A ganinsa mafarkin tsoro atisaye ne: ƙwaƙwalwa tana gwada haɗarin da take hange tun bai zo ba. Ni dai abin da yake tuna mini shi ne uwar da ɗanta zai koma makarantar kwana. Ta riga ta haɗa masa akwati tun la'asar, amma cikin dare sai ta tashi ta buɗe ta sake dubawa, ko an manta sabulu, ko garin kwaki ya isa. Ba don ta san an manta wani abu ba. Tafiyar ce ta tsaya mata a rai.

Akwai wani bincike da aka yi a birnin Faris wanda ya dace da wannan. Wata likitar barci, Isabelle Arnulf, da abokan aikinta sun tambayi ɗaliban da suka zauna jarrabawar shiga karatun likita, jarrabawa mai tsanani da kaɗan ne ke tsallakewa. Sakamakon ya fito a 2014. Fiye da rabin waɗanda suka amsa sun yi mafarkin jarrabawar a daren jajiberinta, kuma mafi yawan mafarkan marasa daɗi ne: an makara, an manta amsa. Amma da aka duba maki, waɗanda suka yi mafarkin sun ɗan ɗara waɗanda ba su yi ba. Kada wani ya ce na ce mugun mafarki ke sa a ci jarrabawa. Mai yiwuwa wanda abin ya fi damu shi ne ya fi karatu, shi ne kuma ya fi mafarki. Abin lura dai, ɗaliban da suka faɗi a mafarki da yawansu sun ci a farke.

Sigmund Freud, likitan nan na birnin Biyana da ya fitar da littafinsa kan fassarar mafarki a ƙarshen 1899, shi ma ya taɓo mafarkin jirgin ƙasa ya tashi ya bar mutum. Shi a wurinsa tafiyar tana nufin mutuwa, rashin samun jirgin kuma lallashi ne, wato zuciya na cewa kwantar da hankalinka, ba yanzu ba. Ni wannan fassara ba ta gamsar da ni ba. Kuma an san shi kansa ya yi fama da fargabar tafiya a jirgin ƙasa, don haka wataƙila nasa ciwon ya auna ya rubuta wa kowa magani.

Mu a nan muna da abin da ya riga duk waɗannan. Hadisi ya tabbata a Buhari da Muslim cewa mafarki kashi uku ne: akwai na ƙwarai wanda bushara ce daga Allah, akwai wanda Shaiɗan ke jefowa don ya baƙanta rai, akwai kuma zancen zuci, wato abin da mutum ya wuni yana saƙawa sai ya gan shi cikin dare. An san Muhammadu ɗan Sirina, malamin Basra da ya rasu a shekara ta 110 bayan hijira, da ƙwarewa wajen fassara, amma malamai sun daɗe suna cewa ba kowane mafarki ake kai wa mai fassara ba. Wanda ya wuni yana lissafin kuɗin kujera, ya kwanta yana sauraron sanarwar jirage, sannan ya ga jirgi ya bar shi, ai bai sha wahalar gane daga wane kashi mafarkinsa ya fito ba.

Na tsaya a nan ne saboda ɓarnar da rashin bambancewa ke yi a gidajenmu. Uwa ta yi mafarkin mota ta bar ɗanta, gari na wayewa ta ce ba inda za shi, alhali ganawar ɗaukar aiki zai je. Wani ya ɗauki kuɗin guzurinsa ya kai wa mai duba, a ce masa akwai hannu a tafiyar, a fara zargin kishiya ko facala. Daga mafarkin minti goma an ɓata zumuncin shekara ashirin. Abin da addini ya koyar kuwa mai sauƙi ne: wanda ya ga abin ƙi ya yi tofi kaɗan ta hagunsa sau uku, ya nemi tsarin Allah, ya juya kwanciya, kada kuma ya yi ta yaɗa labarin. Idan hanya tana da haɗari na gaske, kuma mun san wasu hanyoyinmu suna da shi, da rana ake yanke wannan hukunci. A tambayi direbobin da suka biyo ta jiya, a nemi shawarar manya, a yi istihara. Istiharar ma, malamai sun bayyana cewa ba sharaɗi ba ne sai an yi mafarki bayanta.

(Ɗan taƙaitaccen kiɗa)

Masu sauraro, in yanzu kuka kama mu, muna magana ne kan mafarkin fargabar tafiya. Yanzu sai mu koma ga mutumin nan da na ajiye, wanda babu wata tafiya a gabansa amma mota tana ta barinsa kowane dare.

Ka zauna da irin wannan mutum ku yi hira mai tsawo, za ka tarar akwai wata mota da yake ganin ta tashi ba shi. Ya tsara tun yana saurayi cewa kafin shekara 30 ya yi aure, kafin 40 ya gina nasa gida, kafin 50 ya kai mahaifiyarsa Makka. Yanzu ga shi 43, yana gidan haya, abokan da suka gama makaranta tare kullum hotonsu a Facebook, wannan a Dubai, wancan ya tare a sabon gida. Ko kuma baiwar Allah da ƙannenta biyu suka riga ta aure, duk bikin da ta je sai an ce saura naki. Burin waɗannan mutane ba laifi ba ne. Inda gizo ke saƙar shi ne sun ɗaura wa burin ranar da ba su da iko da ita, sannan suka mai da ranar ta zama alƙalin rayuwarsu.

Akwai wani labari a tarihin Musulunci da ya haɗa mafarki da tafiya da tsammani wuri guda. A shekara ta 6 bayan hijira, Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya ga a mafarki yana shiga Masallaci Mai Alfarma tare da sahabbansa cikin aminci. Mafarkin annabawa wahayi ne, ba irin namu ba, wannan a riƙe shi da kyau. A watan Zulƙida aka fita daga Madina, mutum wajen 1,400, da harami da dabbobin hadaya. Mutanen da suka yi shekaru ba su ga Ka'aba ba, kowa ya sa rai. Da aka iso Hudaibiyya, dab da Makka, Ƙuraishawa suka tare hanya. Bayan kai-kawo aka ƙulla sulhu da wakilinsu Suhailu ɗan Amru: a ajiye yaƙi shekara 10, Musulmi su juya bana, baɗi su dawo su yi kwana uku.

Abin ya yi wa sahabbai nauyi ƙwarai. Sayyidina Umar ya kasa haƙuri, ya je ya tambayi Annabi ko ba shi ya ba su labarin za su je su yi ɗawafi ba. Amsar da ya samu ita ce, lallai an faɗa, amma an ce bana ne? Ya je wurin Sayyidina Abubakar, shi ma amsar da ya ba shi kenan. Har da aka ce a yanka hadaya a yi aski, jama'a suka yi jugum don baƙin ciki, sai da Ummu Salama ta ba da shawarar Annabi ya fita ya fara da kansa ba tare da ya yi wa kowa magana ba. Ya yi hakan, kowa ya miƙe ya bi.

Ku duba inda ciwon ya fito. Alkawarin gaskiya ne, bai kuma tashi ba. Kalmar bana ce zukata suka ƙara da kansu, ita ce kuma ta karye. A hanyar komawa Madina aka saukar da Suratul Fathi, wadda ta kira wannan sulhu buɗi. A shekara ta 7 aka dawo aka yi umara, a ta 8 aka shiga Makka da mutum 10,000. In har sahabbai, da matsayinsu, sun ji zafin rushewar lokacin da suka sa wa ransu, to ni da kai ba abin kunya ba ne mu ji. Abin tambaya kawai, bayan an ji zafin, za a tashi a yi askin a kama hanya, ko za a zauna a Hudaibiyya ana ta kallon Makka?

Ba sai mun je nesa ba ma. A 2020, saboda annobar korona, Saudiyya ta taƙaita aikin hajji ga wasu 'yan tsiraru mazauna ƙasar. A 2021 aka ba mutum 60,000 dama, su ma mazauna can. Maniyyata daga Nijeriya da Nijar da Gana da Kamaru, waɗanda suka sayar da shanu ko gona suka ajiye kuɗi, suka zauna jiran shekara biyu. Da aka buɗe a 2022, sai aka ce mutum miliyan ɗaya, kuma ban da wanda ya haura shekara 65. Akwai dattawan da jiran ne ya tsallakar da su wannan iyaka, sai a 2023 da aka janye ta suka sake samun dama. Wane mafarki ne ya gargaɗe su da wannan? Mutane suna ta mafarkin ɓatan fasfo, abin da ya zo kuwa bai taɓa faɗo wa kowa a rai ba. Fargaba ba ta iya hasashe ba, abin da ta saba gani kawai take maimaitawa.

Kakanninmu da suka riƙa zuwa Makka a ƙasa sun fi mu sanin wannan. A tashi daga Kano ko Sakkwato, a bi ta Borno, a ratsa Chadi ta Abeshe, a shiga Darfur, a wuce har gaɓar Bahar Maliya a jira jirgin ruwa zuwa Jidda. Tafiyar shekaru ce. Guzuri ya ƙare a tsaya a yi noma, ko ɗinki, ko karantarwa, a tara a ƙara gaba. Wasu a hanya suka yi aure suka haihu. Da yawa suka zauna a Sudan, a garuruwa irin su Mai Wurno da ke bakin Shuɗin Nilu, wasu suka kama aikin auduga a yankin Jazira. Wani masanin zamantakewa, Bawa Yamba, ya fitar da littafi a 1995 kan waɗannan al'umma, inda ya nuna cewa har jikoki da aka haifa a can suna ɗaukar kansu matafiya ne da ke kan hanya. Wani zai ji wannan ya ce abin tausayi. Ni ban ga haka ba. Sun riƙe niyya, ba su kuma hana kansu shuka da girbi da raɗa wa 'ya'ya suna a inda dare ya yi musu ba.

Masana halayyar ɗan Adam ma sun auna wannan. Daniel Gilbert na Jami'ar Harvard da Timothy Wilson na Jami'ar Bajiniya sun daɗe suna nuna cewa mutum bai iya ƙiyasta yadda zai ji gobe ba. Yakan zuzuta daɗin abin da yake nema, ya kuma zuzuta zafin rashinsa da tsawon lokacin da zafin zai ɗauka. A wani bincikensu na 1998, matasan malaman jami'a sun yi tsammanin idan aka hana su tabbatarwa a muƙami za su daɗe cikin ƙunci. Da aka tambayi waɗanda aka riga aka hana shekarun baya, sai aka tarar jin daɗin rayuwarsu bai yi nisa da na waɗanda aka tabbatar ba.

Kada wani ya fahimci cewa ina kiran a naɗe hannu a ce gobe ta Allah ce. Malalaci ma yana faɗin haka. Fasfo sai ka je ka sabunta shi, kuɗin mota sai ka tara, takardar neman aiki sai ka rubuta ka kai. Wannan rabonka ne na aikin, kuma sakaci da shi yana daga cikin abin da ke kiran mafarkin. Amma ranar da biza za ta fito, da wanda zai amsa takardarka, da shekarar da mijin zai zo, waɗannan ba a aljihunka suke ba, ko ka kwana kana juyi ko ka yi minshari.

Ga wanda abin ke damu a 'yan kwanakin nan, akwai dabarun da aka gwada. Kafin ka kwanta, ɗauki takarda ka rubuta abin da za ka yi gobe da jibi, dalla-dalla. A Jami'ar Baylor da ke Teksas, Michael Scullin da abokan aikinsa sun gwada haka a 2018: waɗanda suka yi minti biyar suna rubuta ayyukan da ke gabansu sun riga waɗanda suka rubuta ayyukan da suka gama yin barci, da kimanin minti tara. Wanda ba ya rubutu ya jera wa matarsa ko ɗansa da baki, ya kuma ajiye jaka da takardu wuri guda inda idonsa zai gani. Kada kuma ka kwanta kana yaƙi da tunanin, kana cewa ba zan tuna ba. Wani masani, Daniel Wegner, ya nuna a 2004 cewa mutanen da aka ce su danne tunanin wani mutum kafin barci sun fi ganinsa a mafarki. Gara ka ware lokaci tun da sauran rana, ka zauna ka yi tunanin abin iya son ranka, ka yi addu'a a kansa, ka tashi. Goro da shayi mai kauri da kofi bayan magariba a rage su, wayar nan ma a ajiye ta. Azkar ɗin kwanciya da muka taso da su a riƙe su.

Sai dai akwai mafarkin da ya wuce wannan duka. Wanda aka taɓa tarewa a hanya, ko ya tsira daga hatsarin mota, ko yana cikin jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna da aka kai wa hari ranar 28 ga Maris, 2022, ko ɗan'uwansa na ciki, idan abin da ya faru yana dawo masa cikin barci, yana farkawa da ihu ko gumi, har yana tsoron kwanciya, wannan rauni ne da ke buƙatar magani. Kada a ce masa raunin imani ne. Likitoci suna da hanyoyin taimako, ciki har da wadda ake koya wa mutum ya sake tsara mafarkin da rana, ya canza masa ƙarshe, ya riƙa bitarsa 'yan mintuna kullum har ya rage ƙarfi. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa a Barnawa ta Kaduna, da Kware a Sakkwato, da Maiduguri, da Dawanau a Kano, manyan asibitocin koyarwa ma suna da sashen. Zuwa can ba hauka ba ne.

A kuma lura da jiki. Zazzaɓi mai zafi yana kawo munanan mafarkai. Wasu magunguna ma haka, kamar meflokwin na zazzaɓin cizon sauro, da efabirenz da ake ba masu cuta mai karya garkuwar jiki, da wasu na hawan jini. Idan mafarkin ya fara ne bayan ka fara shan wani magani, ka koma wurin likitan da ya rubuta maka ka gaya masa. Kada ka daina sha da kanka.

Lokaci ya cim mana. Masu shirin tafiya a wannan mako, Allah ya kai ku lafiya ya dawo da ku lafiya. Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu. A huta lafiya, wassalamu alaikum.

(Taken rufewa)